Allura Ɗaya a Zariya: Abin da Ƙirgen Ambato Ke Gani a Aikin Brian Greenwood da Abin da Ke Wuce Shi

A shekarar 1979 wata tsohuwar mujallar Landan mai kula da cututtukan ƙasashe masu zafi ta buga wata gajeriyar maƙala da ta fito daga asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Tambayar da ke cikinta ba ta da wani ado: shin allura ɗaya tak za ta iya warkar da mai ciwon sanƙarau? Wanda bai taɓa ganin annobar sanƙarau ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. A wancan zamani fenisilin aka fi dogara da shi, kuma sai an riƙa yi wa majinyaci shi duk bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, har tsawon kwanaki. Inda akwai gado da nas da wutar lantarki, wannan ba wuya. To amma idan bazara ta kankama, ɗakuna suka cika, majinyata suka malalo baranda, wasu ma aka shimfiɗa musu tabarma a gindin bishiya, wa ke da sukunin duba agogo? Likitocin Zariya suka gwada maganin kuloramfenikol da aka haɗa da mai, wanda ke daɗewa a jiki kafin ya ƙare, suka tarar allura ɗaya na isar mafi yawan majinyata. Likitocin Faransa ma sun gwada shi a ƙasashen rainonsu, daga baya wani babban gwaji a Mali da Nijar ya ƙara tabbatar da shi, kuma shekara da shekaru wannan allura ce Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ɗauko idan annoba ta ɓarke a yankinmu.

Sunan farko a kan maƙalar na Sadiq Wali ne, wanda daga baya ya zama farfesa har ya shugabanci Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sunan ƙarshe kuwa na wani Bature ne, Brian Greenwood. A kansa nake so in tsaya, domin duk wanda ya buɗe rumbunan da ke ƙirga yawan ambaton masu bincike, irin su Scopus, ya jera maƙalun Greenwood daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, sai ya gangara ƙwarai kafin ya iske wannan ta Zariya. Alhali da wuya a iya lissafa mutanen da suka tashi daga kwanciya saboda abin da ke cikinta.

An haifi Greenwood a 1938, ya yi karatun likita a Kambirij da Landan, ya zo Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1965. A 1970 ya dawo Najeriya, wannan karon Zariya, inda ake kafa sabuwar makarantar likitanci, ya yi shekara goma cur. Daga nan ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke can har shekara goma sha biyar, kafin ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan a 1996. Maƙalunsa ɗaruruwa ne. Shi ne ya fara karɓar lambar yabo ta Hideyo Noguchi da gwamnatin Japan ke bai wa masu hidimar lafiya a Afirka, a 2008, tare da Miriam Were ta Kenya, sannan Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 2012. Ta kowane ma'auni babban malami ne. Shi ya sa ma ya dace da wannan sharhi: idan ma'auni ya yi kuskure a kan mutumin da kowa ya yarda da aikinsa, an san laifin na ma'aunin ne.

Sai mu fara da yadda ƙirgen yake. Duk maƙalar kimiyya tana ƙarewa da jerin maƙalun da marubucinta ya jingina da su. Idan na rubuta tawa na kafa hujja da taka, ka samu ambato ɗaya, abin da malaman jami'a ke kira saiteshan. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan jerin sunaye a 1955, ya kuma fitar da kundinsa na farko a 1964. Nufinsa na farko sauƙaƙa neman ilimi ne, wato ka kama maƙala ɗaya ka bi sawun duk waɗanda suka ɗora a kanta. Mayar da abin sikelin auna mutane ya zo daga baya. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin h, wanda yau kowane lakcara ya san nasa kamar lambar wayarsa. Ma'anarsa mai sauƙi ce: idan h ɗinka 20 ne, kana da maƙala 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Dabarar tana da kyau ta fuska ɗaya. Mai maƙala ɗaya da ta yi tashe ba zai wuce h ɗaya ba komai yawan ambatonta, mai tulin maƙalu da ba wanda ya kula da su shi ma ba zai motsa ba. Sai wanda ya daɗe yana fitar da abin da ake komawa gare shi.

Kuma a yi adalci, a kan wannan ma'aunin ba ya ƙarya game da Greenwood. Mutum ba ya shafe shekara hamsin ana kafa hujja da aikinsa a fannin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ciwon huhu na yara bisa sa'a kawai. Idan tambayar ita ce ko wannan mutum ya taɓa fagen iliminsa, alƙaluman za su amsa daidai. Matsalar tana farawa ne idan aka matso kusa, aka ce alƙaluman su faɗa mana wanne aikin nasa ya fi amfani, ko a ɗauki sikelin a auna shi da wani likita na wani fanni.

Dubi maƙalar da mujallar Nature ta buga a 1991, wadda Adrian Hill ya jagoranta, Greenwood na cikin marubuta. An binciki jinin yaran Gambiya aka ga wasu nau'o'in ƙwayoyin gado na garkuwar jiki, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna da alaƙa da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. An ambaci wannan maƙala fiye da sau dubu. Aiki ne mai kyau, ya buɗe ƙofa. Amma me ya sa ta yi wa ta allurar sanƙarau fintinkau? Saboda masu nazarin ƙwayoyin gado da garkuwar jiki dubbai ne a Amurka da Turai da Japan, kowannensu yana rubutu, kowannensu yana buƙatar misalin yadda cuta ke sassaƙa halittar ɗan Adam, ga misali kuwa ya samu. Binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashen Afirka bai riƙa samun sakamako iri ɗaya ba a ko'ina, amma ko wanda ya zo ya ce bai samu ba, dole ya ambace ta, ƙirge ya ƙaru. Su kuwa waɗanda suka amfana da maƙalar Zariya su wane ne? Jami'in lafiya a ƙaramin asibitin karkara, nas a sansanin wucin gadi, ma'aikacin ma'aikatar lafiya da ke rubuta odar magani kafin bazara. Ba ɗayansu da ke rubuta maƙala. Ambato zaɓe ne wanda marubuta kaɗai ke da katin jefa ƙuri'a a cikinsa, kuma yawancin masu katin ba su taɓa kwana inda sanƙarau ke kisa ba.

Wannan ba a fannin likitanci kaɗai yake ba. Lokacin da Nature ta jera maƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi, a 2014, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin a ɗakin gwaje-gwaje, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta ma shiga ɗarin ba. Duk wanda ya auna furotin sai ya ce da hanyar wane ya auna, amma ba wanda ke jin sai ya kawo hujja kafin ya ce DNA murɗaɗɗiya ce. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da haka: idan ilimi ya shiga jikin mutane sosai, sunan mai shi yakan ɓace.

Gidan sauro mai magani ya isa misali. Yau ba uwar da ke buƙatar a kawo mata hujja kafin ta yarda yana kare yaro, ana raba shi a wurin awon ciki kamar yadda ake ba da kati. Amma kafin 1991 tambaya ce a buɗe ko yana hana mutuwa ko cizo kawai yake ragewa. A shekarar ne Pedro Alonso da abokan aikinsa a cibiyar da Greenwood ke shugabanta suka buga a mujallar likitanci ta Lancet cewa a ƙauyukan Gambiya da aka jiƙa gidajen sauro da fametirin, maganin kashe sauro, mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ta ragu da fiye da rabi. Sakamakon ya yi kyau har wasu suka yi shakka. Aka faɗaɗa shi ya zama shirin ƙasa baki ɗaya, a 1995 aka samu raguwar kashi 25 cikin ɗari. Sannan aka yi manyan gwaje-gwaje a Navrongo ta arewacin Gana, da Kilifi ta Kenya, da Burkina Faso inda labule masu magani aka gwada. Daga nan sai Christian Lengeler ya tattara sakamakon duka ya tace shi a bita guda. To tun daga lokacin, mai rubutu a kan gidan sauro yakan ambaci bitar ne, ya huta da jero gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. A 2015 kuma wani nazari a Nature ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓi har sau miliyan 663 a Afirka, kashi 68 cikin ɗari na wannan kuwa albarkacin gidan sauro ne. Yanzu wannan ne kowa ke ambata. Ruwan ya koma gulbi, rijiyar da aka fara ɗebowa ta zama ta masu tarihi.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ce babbar tawayar ma'aunin da ake auna mujallu da shi, wanda ake kira imfak fakta. Yadda ake lissafa shi: a ɗauki maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka wuce, a ga sau nawa aka ambace su a bana, a raba. Shekara biyu. A fannin da ake gwaji da ƙwayoyin halitta a kwalba, shekara biyu ta isa abu ya yi tashe ya kwanta. A lafiyar al'umma kuwa, shekara biyu ko ɗaukar yara a rajista ba a gama ba. Kuma lambar tana bin iskar da ke kaɗawa: a lissafin shekarar 2021 na Lancet ya tashi daga wajen 79 zuwa sama da 200, ba don editocinta sun ƙara basira ba, sai don duniya duka ta koma rubutu a kan korona.

Ga yadda lokaci ya yi da wani tunani na Greenwood. Tun yana Zariya shi da abokan aikinsa suka nuna, a Lancet ta 1972, cewa zazzaɓin cizon sauro na raunana garkuwar jikin yaro, a 1978 kuma suka nuna cewa yaron da bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, allurar riga-kafin sanƙarau ba ta kama shi yadda ya kamata. A yankin Malumfashi aka bi wasu jarirai ana ba su kulorokwin a kai a kai don kariya, aka buga sakamakon a 1985. A Gambiya, a 1988, suka nuna cewa idan ma'aikatan lafiya na ƙauye suka riƙa bai wa yara maganin kariya a lokacin damina, mutuwa na raguwa. Duk da haka abin bai zama manufa ba. An ji tsoron ƙwayar cutar za ta bijire wa magani, an ji tsoron yara ba za su gina garkuwar kansu ba, ga kuma tambayar wa zai biya. Tunanin ya kwanta. Sai a 2006 Badara Cissé, ɗan Senegal, ya buga gwajin da aka yi a Niakhar ta ƙasarsu, Greenwood na cikin marubuta, inda magani sau ɗaya a wata a lokacin damina ya rage zazzaɓi da kashi 86 cikin ɗari. Gwaje-gwajen Mali da Burkina Faso suka biyo baya a 2011, a watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. A Najeriya an fara shi a Jihar Katsina a 2013, jihar da Malumfashi ke ciki. Daga 1988 zuwa 2012 shekara ashirin da huɗu ke nan. Ma'aunin da ke kallon shekara biyu ba shi da idon ganin irin wannan.

Wanda ke zaune a Arewa ya san ƙarshen labarin ko da bai san farkonsa ba. Da damina ta sauka za ka ga mata biyu-biyu da jaka da littafi suna sallama gida-gida. Su tambayi yara nawa ne daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, su tambaya ko akwai mai zazzaɓi a ranar, domin shi asibiti za a tura shi. A narka ƙwaya a ɗan ruwa, uwa ta ba yaro a gabansu, a ɗan dakata ko zai yi amai. Sannan su miƙa mata sauran ƙwaya biyu: "Maman yara, wannan gobe, wannan jibi, kada a haɗa masa su rana ɗaya." Su cika kati, su yi alama da alli a jikin bango, su wuce gida na gaba, wata mai zuwa su dawo. A 2022 yara kusan miliyan 49 aka kai wa wannan magani a Afirka, wajen rabinsu a Najeriya. Takardar da ta haɗa gwajin Niakhar da wannan alli na jikin bango ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da jagororin ma'aikatun lafiya, kuma irin waɗannan takardu rumbunan ƙirge ba su cika lissafa su ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi ɗaci: ambaton na wa ne? A al'adar likitanci, sunan farko na wanda ya ɗauki nauyin aikin ne a kansa, na ƙarshe na babban da ya jagoranta, na tsakiya kuwa kowa da gwargwadon hannun da ya sa. Ma'aunin h bai san wannan ba. Idan maƙala mai marubuta talatin ta samu ambato ɗari, kowane ɗaya cikin talatin ɗin ya samu ɗari cif. Gwajin allurar riga-kafin Hib, wata ƙwayar cuta mai jawo wa yara sanƙarau da ciwon huhu, da aka buga a 1997 ya shafi jarirai sama da 42,000 a Gambiya. Na riga-kafin ciwon huhu da aka buga a 2005 ya shafi yara sama da 17,000, ya kuma nuna raguwar mutuwa da kashi 16 cikin ɗari. Aiki irin wannan hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa. Akwai masu bin gida-gida a kan babur, da masu ɗibar jini, da masu tafinta, da masu shawo kan maigari, da direbobi. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin sau da yawa a sakin layin godiya yake ƙarewa, inda ba a ƙirgawa. Ba na cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi a kan Greenwood shi kansa, domin tarihinsa na nuna akasin haka. Bi sunayen farko a manyan maƙalun da yake ciki. A shekarun 1990 za ka ga Alonso ɗan Sifen, D'Alessandro ɗan Italiya, Mulholland ɗan Ostireliya. Daga 2005 sai ka fara ganin Richard Adegbola ɗan Najeriya, wanda ya ba da rahoton yadda cutar Hib ta kusa ƙarewa a Gambiya, da Cissé, da Daugla ɗan Chadi. Wannan sauyi ba da kansa ya zo ba, an zauna an horar da mutane, shi kansa Greenwood ya shugabanci wani shiri da Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi wanda ya yaye 'yan Afirka masu digirin digirgir. Amma lambar h ba ta bambanta babban da ya tura ɗalibinsa gaba da wanda ya danne shi. Duka biyun ɗari ɗaya suke samu.

Kuma ambato ba yabo ba ne. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta danganta allurar ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara, Lancet ta janye ta a 2010 bayan an gano rashin gaskiyar da ke cikinta, amma an ambace ta fiye da sau dubu. Yawancin masu ambaton tsine mata suke yi. Injin ƙirge bai san tsinuwa ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu, ban da cewa mutumin ya zauna a Zariya? Saboda da wannan sikelin ake auna malamanmu yanzu. Kwanakin baya wani abokina, likita mai koyarwa a wata jami'a, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini shafinsa na Google Scholar, ransa a ɓace. Shekara da shekaru yana ganin yara masu tamowa da masu sikila, ya buga abin da ya gani a mujallun gida, h ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ya latso shafin wani ƙaninsa a aiki wanda ya ba shi ninki uku. Na ce, "Likita, ai sai ka yi masa murna." Ya ce, "Malam, duba dai maƙalun." Na duba. Waɗanda suka ɗaga shi duka irin manyan rahotannin nan ne na duniya masu ɗauke da sunaye ɗaruruwa, inda ake aiko maka da daftari ta imel ka yi tsokaci a sa sunanka. Ba haramun ya yi ba, haka tsarin yake. Amma kwamitin ƙarin girma lamba zai gani.

Da zarar an ce lamba ce ke ba da kujerar farfesa, mutane za su nemi lambar ta kowace hanya. Bincike ɗaya a yanka shi gida huɗu. "Ka sa ni a taka, in sa ka a tawa." Ka ambaci kanka da kanka a duk abin da ka rubuta. Mujallun bogi da ke cika akwatin imel da gayyata, ka biya dala su buga maka cikin mako guda ba tare da wani ya karanta ba. Kada a ɗauka halin talakawan ƙasashe ne kawai. John Ioannidis na Jami'ar Stanford, wanda shi ma likita ne, ya bincika tare da abokan aikinsa ya buga a Nature a 2018 cewa tsakanin 2000 da 2016 an samu mutum sama da 9,000 da suka fitar da maƙala fiye da 72 a cikin shekara guda, wato ɗaya duk kwana biyar. Da yawansu masana fiziya ne masu aiki cikin manyan ƙungiyoyi, amma ko bayan an ware su, likitoci da masu ilimin halittu na da kaso mai tsoka a cikin ragowar. Abin dariyar shi ne wannan Ioannidis ɗin ne ya tsara jerin nan na kashi biyu cikin ɗari na masanan duniya, wanda jami'o'inmu ke bugawa a jarida da hotuna duk shekara. Ya tsara shi ne don ya gyara wasu kurakuran, yana la'akari da matsayin suna a maƙala, yana kuma nuna lamba da ambaton kai da kuma babu shi. Ya fi ma'aunin h kaifi, amma daga Scopus yake ɗibar bayanansa, mujallar da Scopus ba ta ɗauka ba kuwa kamar ba a buga ta ba. Tun a 2012 wasu editoci da masana suka fitar da sanarwar San Faransisko suna roƙon a daina auna mutum da imfak faktan mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin. Karatu kuwa yana cin lokaci, ƙirge minti biyu ne, shi ya sa ƙirge ke cin nasara a teburin kwamiti.

Ni dai in an ba ni takardun likita mai bincike, ba zan ƙi duba lambar ba, tana gaya mini ko ana jin muryarsa. Amma zan ce ya zaɓo mini maƙala biyar da ya fi alfahari da su, ya faɗi abin da ya yi da hannunsa a kowacce, da abin da ya sauya a asibiti ko a ma'aikata saboda ita, da inda ɗalibansa suke yau. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

In an yi wa Greenwood wannan tambaya a kan sanƙarau kaɗai, amsar za ta yi tsawo. A 1984 shi da Wali da Hilton Whittle da wasu sun yi bayani a Lancet a kan abin da kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta sani, cewa da ruwan farko ya sauka sanƙarau ke kwantawa. Abin da suka ƙara shi ne ƙwayar cutar ba ta daina yawo daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro da damina, kuma a hasashensu bushewar iska da ƙura ne ke buɗe mata hanyar shiga jini. Wannan fahimta, cewa yawancin masu ɗauke da ƙwayar lafiyarsu ƙalau, ita ce ta sa aka gane tsohuwar allurar riga-kafi ba za ta kawo ƙarshen annoba ba, tunda ba ta hana ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro kuma ba ta daɗewa a jikin ƙananan yara. Annobar 1996 ta tabbatar da haka da mummunar hanya: a Najeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, kamar yadda Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka rubuta. Sabuwar allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum na Indiya ya yi a kan ƙasa da rabin dala, ta fara aiki a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010. A Chadi aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 a ƙarshen 2011 ana tsakiyar shekarun annoba, ƙungiyar bincike da Greenwood ke jagoranta ta bi sawu, aka ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi allurar idan aka kwatanta da inda ba a yi ba, ƙwayar ma ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron mutane.

Nau'in A na ƙwayar sanƙarau, wanda ya addabi Zariya a zamaninsa kuma dominsa aka yi MenAfriVac, ya kwanta. Nau'in C ya taso a Nijar a 2015, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, a 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar. Ita kuwa allurar mai ta 1979, wani gwaji da aka yi a Nijar aka buga a 2005 ya nuna wani magani, seftiriyazon, na yin aikin da take yi, kuma ya fi sauƙin samu, sannu a hankali ya maye gurbinta a ɗakunan ajiyar magani. Likitan da ya gama makaranta bana mai yiwuwa bai taɓa riƙe kwalbarta ba, kuma masu ambaton maƙalar Wali da Greenwood yanzu yawanci masu ba da tarihin yadda aka yi jinyar cutar ne.